Wane ƙwaro ne wannan mai ƙyalli da na kama a kan gungumen itace?

Mai Lambu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon masana. Yau da misalin ƙarfe ɗaya, rana na tsananin duka, na je gyara tarin itacen da aka sare mini watannin baya, sai na hangi wani abu yana ƙyalli a kan gungume. Na ɗauka guntun ƙarfe ne. Ina matsowa sai ya zagaya bayan gungumen, na bi shi, ya sake zagayowa, kamar mai wasan ɓuya. Da na kai hannu ya tashi fir, a nan ne na ga bayansa, ƙarƙashin fukafukan, kore shar yana walƙiya. Na yi sa'a ya dawo ya sauka, na kife shi da kwalba. Ga hotonsa nan. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne na ga ramuka a jikin itacen, kuma akwai wata 'yar bishiyar inuwa da na dasa shekara uku da suka wuce kusa da wurin, ɓawonta ya fara ɗagowa ta gefe ɗaya. Shin shi ne ke cin ta? Kuma meye sunansa?

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Kai, ɗan uwa, ka yi maza ka ƙona itacen nan. Wannan shi ne koren ƙwaron nan da ya gama da bishiyoyi a Amurka. Na taɓa kallon shiri a kansa, kore ne mai ƙyalli kamar yadda ka faɗa.

Uwar Biyu:
Ni dai kyansa ya ɗauke ni. Yana cizo ne? Don yarana duk abin da suka gani mai sheƙi sai sun ɗauka.

Mai Kyamara:
Hoton ya yi duhu, kuma ta cikin kwalba ka ɗauka, gilashin ya cinye rabin abin da ake son gani. Amma daga siffar nan kamar ƙwaron nan ne mai ƙas, wanda in ka kwantar da shi rigingine yake daka tsalle.

Malam Dattijo:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Mai Lambu, kada ka ƙona komai tukuna, kada kuma ka kashe shi. Hajiya Uwar Biyu, ba ya harbi, ba shi da dafi, yara za su iya kallonsa lafiya.

Daga labarin da ka bayar kaɗai, tun kafin in buɗe hoton, zuciyata ta tafi kan dangin da masana ke kira Buprestidae, wato ƙwarin da ake yi wa laƙabi da ƙwarin lu'ulu'u saboda ƙyallinsu. Fitowa da tsakar rana, zama a kan itacen da rana ke duka, zagayawa bayan gungume in an matso, da saurin tashi kamar ƙuda, duk halinsu ne. Yawancin ƙwari masu taurin baya sai sun yi ta shiri kafin su tashi, su kuwa waɗannan kafin ka ƙifta ido sun tafi. Sai dai hali ba ya isa a yanke hukunci. Ka yi mini abu uku. Na farko, ka kwantar da shi rigingine a kan faranti ka ga abin da zai yi. Na biyu, ka duba 'yan ƙahonnin nan biyu na kansa, dogaye ne ko gajeru, kuma yaya bakinsu yake. Na uku, ka ɗora rula kusa da shi ka faɗa mana tsawonsa da faɗinsa.

Baban Yara:
Malam, da girmanka, amma ai ya ce kore ne, kuma yana huda itace. Me ya rage?

Malam Dattijo:
Abu da yawa ya rage, ƙanena. Kama da wane ba ta wane. Dangin nan kaɗai akwai nau'i fiye da 15,000 da aka rubuta sunayensu a duniya, koraye a cikinsu ba sa ƙirguwa. Bayan su kuma ga wasu ƙwarin da ba dangi ɗaya suke ba amma kore ne launinsu. Launi shi ne abu na ƙarshe da nake dubawa.

Mai Lambu:
To Malam, na yi. Da na kwantar da shi rigingine sai ya naɗe ƙafafunsa ya yi lamo kamar ya mutu, har na ce shi ke nan na kashe shi. Bayan ɗan lokaci ya fara wutsil-wutsil, ya buɗe fiffike ya juya. Bai yi ƙas ba, bai yi tsalle ba. Ƙahonnin gajeru ne, ba su ma kai ƙarshen wuyansa ba, kuma gefensu kamar haƙoran zarto. Tsawonsa milimita 12, faɗinsa wajen 5. Sannan gyara: samansa ba kore ba ne, launin tagulla ne mai duhu. Koren a ƙarƙashin fukafukai yake, sai ya buɗe ake gani.

Mai Kyamara:
To na janye maganata. Ba mai ƙas ba ne.

Malam Dattijo:
Ba ka yi nisa da gaskiya ba ai, Malam Mai Kyamara, domin su biyun ne aka fi rikitawa. Dukansu dogaye ne masu tsukakken ƙarshe kamar harsashi. Bambancin yana wajen haɗin wuya da gangar jiki. Mai ƙas, dangin Elateridae, wuyansa a sake yake, yana lanƙwasuwa, akwai wata 'yar ƙaya a ƙirjinsa da yake ɗanawa ya saki, ita ce ke ba da ƙarar nan ta cilla shi sama. Kusurwoyin bayan wuyansa kuma suna da tsini, suna nuni baya. Shi kuwa namu a sandare yake, wuya da jiki sun manne kamar an zuba su a zubi ɗaya. Kansa a nutse yake cikin wuyan har zuwa idanu, idanun kuma manya ne. In kana da madubin ƙara girma ka juya cikinsa, za ka ga gaɓoɓi biyu na farko na cikin sun haɗe sun zama ɗaya, layin da ke tsakaninsu da ƙyar ake ganinsa. Wannan alama ce mai ƙarfi ta dangin.

Lamon da ya yi maka ma dabararsu ce. In suna kan reshe aka girgiza, sakin jiki suke yi su faɗo cikin ciyawa su naɗe ƙafa, sai ka yi ta nema.

Ɗalibar Kimiyya:
Baba Malam, in ƙara wani abu a kan maganar Baban Yara. Wanda yake nufi shi ne Agrilus planipennis. Asalinsa daga arewa maso gabashin Asiya ne, an gano shi a 2002 a jihar Mishigan ta Amurka da kuma Ontariyo ta Kanada, ana kyautata zaton a cikin katakon da ake ɗaure kaya da shi ya shiga. Ya kashe miliyoyin bishiyoyi, wannan gaskiya ne. Amma siriri ne sosai, tsawonsa kan kai kusan na wannan, faɗinsa kuwa wajen milimita 3 ne kawai. Samansa ne kore, in ya buɗe fukafukai bayan cikinsa ja ne kamar jan ƙarfe. Kun ga akasin na Malam Mai Lambu ke nan, shi tagulla a sama, kore a ƙasa. Sannan kusan ba ya taɓa wata bishiya sai Fraxinus, wadda ganyenta ke fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, kowanne kuma ya rarrabu zuwa ƙananan ganye.

Mai Lambu:
Tawa ganyenta ɗai-ɗai ne, ba ya rarrabuwa. Alhamdu lillahi.

Baban Yara:
To na ji. Amma dai ɗan uwansa ne, ko? Kuma ɗan uwan ɓarawo ai ba a ba shi ajiya.

Uwar Biyu:
Baban Yara ba ya saki, hahaha.

Kafinta:
Ni ramukan nake son a yi magana a kai, don su ne sana'ata ta haɗa ni da su. Malam Mai Lambu, ramukan da ka gani, zagayayyu ne kamar an huda da ƙusa, ko kuwa a ɗan baje suke? Kuma akwai gari yana zubowa daga ciki?

Mai Lambu:
A baje suke, kamar siffar ƙwai, faɗin ya fi tsayin. Ban ga gari a ƙasa ba. Amma da na ɓamɓare ɓawon wani gungume na ga hanyoyi masu faɗi a karkace, cike da dusar itace a danƙare, har sai da na kankare da wuƙa. Na kuma sami tsutsa ɗaya fara, ba ƙafa, kanta faffaɗa kamar an take shi, sauran jikin siriri, ta lanƙwashe kamar ƙugiya.

Malam Dattijo:
Madalla da tambayar Malam Kafinta, ita ce ta kawo mu gida. Wannan tsutsar ita ce shaidar da ta fi hoton ƙwaron ma. Abin da ka kira kai ba kai ba ne, gaɓar farko ce ta ƙirjinta ta yi faɗi ta baje, ainihin kan ɗan ƙarami ne a gaba, baƙi-baƙi, a nutse. Saboda jikinta a baje yake, hanyar da take haƙawa ma a baje take, ramin da babban ƙwaron ke fitowa ta ciki shi ma haka. Kuma ba ta zubar da dusarta waje, a bayanta take danƙare ta tana gaba. In ka duba da kyau za ka ga dusar ta yi layi-layi masu lanƙwasa, saboda yadda take kaɗa kai dama da hagu tana ci.

Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani ko da ba ku ga ƙwaron ba. Rami zagayayye mai girma, da dusa mai kaushi kamar zare-zare tana zubowa, galibi aikin masu dogon ƙaho ne, dangin Cerambycidae, waɗanda ƙahonsu kan kai tsawon jikinsu ko ya wuce. Ƙananan ramuka zagayayyu birjik da gari mai laushi, wasu ƙananan ƙwari ne daban masu cin busasshen katako. Rami mai siffar ƙwai a baje, ƙwaron lu'ulu'u. In kuwa gefe ɗaya a miƙe yake ɗayan a zagaye, kamar harafin D, to rukunin Agrilus ne, domin bayansu a shafe yake cikinsu kuma a tashe, yadda jikin yake haka ramin ke fitowa. Tsutsar Agrilus ma daban take, ƙirjinta bai yi faɗin ta Malam Mai Lambu ba, kuma tana da 'yan ƙayoyi biyu masu launin ƙasa a ƙarshen wutsiya.

Kafinta:
Wallahi Malam ka warware mini wani abu. Na taɓa yi wa wani mutum teburi, bayan shekara biyu ya zo yana faɗa wai ƙwaro ya fito daga ƙafar teburin, ramin kuma irin wannan ne a baje. Ni na ce daga gidansa ya samo, shi ya ce daga wurina. Har yau ba ma gaisawa sosai.

Malam Dattijo:
Ka yi haƙuri Malam Kafinta, amma mutumin ya fi ka gaskiya, ko da yake kai ma ba laifinka ba ne kai tsaye. Waɗannan ba sa yin ƙwai a kan busasshen katakon da aka feƙe aka shafa wa fenti. Uwar tana neman ɓawo ne, na bishiya mai rai da ta galabaita, ko wadda ba a daɗe da sarewa ba. Tsutsar tana ciki aka yanka katakon, ta tsira daga zarto, ta ci gaba da zamanta. A ɗanyen itace yawancinsu shekara ɗaya ko biyu suke yi su fito, amma in itacen ya bushe abinci ya yi ƙaranci sai girman ya yi ta ja. Akwai wani nau'i a yammacin Amurka ta Arewa, Buprestis aurulenta, da aka rubuta ya fito daga katakon gini bayan shekara 51. Abin daɗin shi ne wanda ya fito ba zai koma ya yi ƙwai a teburin ba, rami ɗaya ne ya bari ya tafi. Maganin abin tun farko shi ne gasa katako. Ƙa'idar duniya ta katakon ɗaure kaya ta ce zafin ya kai digiri 56 har tsakiyar katakon na tsawon minti 30.

Kafinta:
Shekara 51! To ashe gara ni da biyu. Zan neme shi in ba shi haƙuri.

Mai Kyamara:
Malam Mai Lambu, sake mana hoto mai kyau mana. Ka sa kwalbar a firji na 'yan mintoci, ba wajen ƙanƙara ba, sanyin zai sa ya lafa. Sai ka fito da shi ka ɗora a farar takarda a inuwa mai haske. Kada ka kunna fitilar waya, ƙyallin jikinsa zai mayar da hasken ya wanke hoton fari fat. Ka ɗauki sama, gefe, ciki, da fuska, rula na gefe. Ka yi sauri don da ya ji ɗumi zai gudu.

Mai Lambu:
Ga su nan guda huɗu. Na uku ya ɗan girgiza don ya fara motsi.

Ɗalibar Kimiyya:
Yawwa! Baba Malam, dubi fukafukan, akwai wurare da suka lotsa kamar an danna da bakin allura, uku a kowane gefe, sun fi sauran jikin haske. Ga kuma layuka a tashe suna bin tsawon fiffiken. Ɗan rukunin Chrysobothris ne na cikin dangin, ko?

Malam Dattijo:
Idonki ya yi kyau, 'yata. Ki ƙara da hoton gefen: cinyar ƙafar gaba ta kumbura, kuma akwai haƙori ɗaya a ƙasanta. A hoton fuska kuma idanun sun matso kusa da juna ta sama. Lotsawar nan, da haƙorin cinya, da jiki a baje, da koren baya in ya tashi, da rami mai siffar ƙwai, duk sun taru a kan Chrysobothris. A nan zan tsaya.

Baban Yara:
A'a Malam, ka tsaya a ina? Ai sunan rabi ne. Ni na sa hoton a manhajar gane halittu ta wayata, nan take ta ba ni cikakken suna mai kalma biyu. Me zai hana mu ɗauka?

Malam Dattijo:
Me ta ba ka a matsayin na biyu da na uku?

Baban Yara:
Wasu sunaye ne daban, amma duk da Chrysobothris suka fara.

Malam Dattijo:
To ka gani. Ita ma rukunin ta gane, sauran canka ce take yi. Rukunin nan yana da ɗaruruwan nau'i a kusan duk nahiyoyi, da yawansu kuma in ka jera su ba za ka ce ba 'yan uwa ɗaya ba ne. Masu aikin sukan raba su ne da abin da hoton waya ba ya nunawa: siffar gaɓar ƙarshe ta ciki, yanayin ƙafar gaba ta namiji, wani lokaci ma sai an fiddo al'aurar namijin an duba a ƙarƙashin madubin ɗakin bincike. Sannan a haɗa da ƙasar da aka kama shi da irin bishiyar da ya fito daga ciki. Manhajar kuwa tana koyo ne daga hotunan da mutane suka fi ɗorawa, saboda haka sunan da ya fi shahara shi take miƙo maka, ko da nau'in ba ya rayuwa a nahiyar da kake.

Ba cewa nake a jefar da ita ba. Ni ma ina amfani da irinta mai suna iNaturalist, kuma amfaninta a wurina shi ne mutanen da ke ciki, don akwai waɗanda dangin nan kaɗai suka sa a gaba, in ka ɗora hoto mai kyau da wuri da kwanan wata za su zo su duba. Amma wanda ya rubuta Chrysobothris ya yi shiru ya fi wanda ya ƙara kalma ta biyu da ka. Sunan kuskure in ya shiga intanet, wani zai kwafa, wani ya kwafa daga wancan.

Baban Yara:
Ni fa har yanzu ina ganin ana wahalar da abu mai sauƙi. Mai Lambu ba littafi zai rubuta ba, bishiyarsa yake son ceta.

Ɗalibar Kimiyya:
Ai don bishiyar ne ma ake son a san rukunin, Yaya. Da a ce Agrilus planipennis ne a kan Fraxinus, shawarar daban ce, domin shi lafiyayyar bishiya ma kashe ta yake yi, kuma a ƙasashen da yake yaɗuwa hukuma ake sanar wa. Shi kuwa wannan yawanci raunanniya yake bi. Kuma ba duk dangin ne ma ke huda itace ba. Tsutsar Sternocera da Julodis a cikin ƙasa take tana cin saiwa, wasu ƙanana irin su Trachys a cikin ganye suke haƙa. In ba ka san wanda ke hannunka ba, ta ina za ka fara?

Uwar Biyu:
Ku dakata da faɗan, ni tambayata daban. Me ke sa su ƙyalli haka? Kuma in ya mutu launin yana gushewa?

Ɗalibar Kimiyya:
Ba ya gushewa, Anti, domin ba rini ba ne. Fatar bayansa an jera ta ne hawa-hawa, siraran shimfiɗu da ido ba ya gani, haske in ya shiga sai kowace shimfiɗa ta mayar da wani ɓangare, su haɗu su ba da launi ɗaya mai ƙarfi. Shi ya sa in kika juya shi launin ke sauyawa daga kore zuwa shuɗi ko ja, kamar yadda kumfar sabulu ke yi. A Japan akwai wani ɗan akwatin ibada a haikalin Horyuji, tun ƙarni na 7, da aka yi wa ado da fukafukan wani nau'i mai suna Chrysochroa fulgidissima. A Indiya da Tailan kuma an daɗe ana ɗinka fukafukan Sternocera a jikin tufafi.

Abin mamakin shi ne ƙyallin ɓuya ne. Masu bincike a Jami'ar Biristol ta Ingila sun wallafa wani gwaji a 2020, suka ajiye fukafukan Sternocera masu sauya launi da wasu masu launi ɗaya a kan ganyaye, sai tsuntsaye da mutane duk suka sha wuyar gano masu sauya launin fiye da yawancin masu launi ɗaya.

Mai Kyamara:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Sau nawa ina tsaye gaban reshe ina nema, sai ya motsa sannan in gan shi.

Tunda an shiga labarai, akwai na Ostareliya da ke ba ni dariya. Wani babban nau'i ne a can, Julodimorpha, mazan suka riƙa tururuwa kan kwalaben giya masu launin ƙasa da ake yarwa a bakin hanya, saboda launin da 'yan ƙurajen gindin kwalbar sun yi kama da bayan mace, ga ta kuma ƙatuwa. Har tururuwa na cin su ba sa saki. Masana biyu, Darryl Gwynne da David Rentz, suka rubuta abin a 1983, aka ba su kyautar Ig Nobel, wadda ake bayarwa kan bincike mai ban dariya, a 2011.

Kafinta:
To Baban Yara, ka ga shi kansa ƙwaron da launi ya yi hukunci ga inda ya ƙare.

Baban Yara:
Hahaha, Allah ya shirye ka Kafinta. Na sallama.

Shugaban Zaure:
Jama'a a dawo kan bishiyar bawan Allah, har yanzu ba a ba shi amsa ba.

Malam Dattijo:
Gaskiyarka, shugaba. Malam Mai Lambu, gefen da ɓawon ya ɗago, wane gefe ne? Kuma akwai wani rauni da bishiyar ta taɓa ji a wurin?

Mai Lambu:
Gefen da rana ke duka da yamma ne. Rauni kuwa akwai, bara wani yaro da na sa ya yi mini shara ya sare ta da fartanya a gindi. Kuma in faɗi gaskiya na yi sakaci da ban ruwa watannin nan.

Malam Dattijo:
To ai ka ba da amsar da kanka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lafiyayyar bishiya mai ruwa a jiki takan kashe 'yar tsutsar tun tana ƙarama, ruwan jikinta da ƙaronta su shaƙe ta. Wadda ƙishi ya kama, ga sara, ga rana ta ƙona ɓawon gefe ɗaya, ba ta da wannan ƙarfin. Uwar kuma a tsagar ɓawo da bakin rauni take ajiye ƙwai, ta gefen rana. Sannan ka tara mata sabon sararren itace a kusa, ka buɗe musu wurin haihuwa ke nan.

Haɗarin ga ƙaramar bishiya shi ne tsutsar tana cin shimfiɗar nan mai laushi da ke tsakanin ɓawo da itace, ta nan abinci ke bi. In hanyar ta zagaye gangar jikin gaba ɗaya, saman ya mutu. Tsutsa ɗaya ko biyu sun isa su yi wa ɗan dashe haka. Babbar bishiya kuwa takan jure.

Ga abin da zan yi da ni ne. In ɗauki wuƙa mai kaifi in ɗaga mataccen ɓawon a hankali, in bi hanyar har in sami tsutsar in cire, ba tare da na yanki mai rai ba. In kwashe tarin itacen daga wurin, wanda za a yi amfani da shi a ɓamɓare masa ɓawo ya bushe da wuri. In koma ban ruwa mai nutsewa, in zuba busasshiyar ciyawa a kewayen gindin amma kada ta taɓa jikin. In shafa wa gangar farin fenti na ruwa da aka tsinka, ko in naɗe ta, don rage dukan rana.

Baban Yara:
Feshi fa? Ni da na sami maganin ƙwari na wanke ta da shi.

Malam Dattijo:
Wanda ke ƙarƙashin ɓawo feshi ba ya isa gare shi, sai dai ka kashe zuma da ƙananan zanzaron da ke farautar tsutsar. Akwai magungunan da bishiya ke sha ta saiwa ko a yi mata allura da su, da irinsu ake kare Fraxinus a Amurka, amma wannan aikin malamin gona ne ya duba ya ga ko ya cancanta. A kan ɗan dashe ɗaya, wuƙa da bokitin ruwa sun fi.

Mai Lambu:
Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na je na duba yanzu kafin duhu. Na ɗaga ɓawon, na sami tsutsa biyu irin waccan na cire. Hanyar ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na zagayen gangar, sauran ɓawon kore ne a ciki da na ɗan kankara. Shi kuma na kwalba fa, in sake shi ko in ajiye?

Ɗalibar Kimiyya:
In kana son a kai ga cikakken sunan, ajiye shi. Ka sa kwalbar a wajen ƙanƙara kwana biyu, sannan ka rubuta kwanan wata, da wurin, da irin itacen a 'yar takarda ka haɗa da shi. Tsutsa ɗaya kuma ka jefa ta a sifirit. Duk sashen nazarin ƙwari na jami'a zai karɓa.

Malam Dattijo:
Kashi ɗaya cikin uku, za ta iya rufewa in ta sami ruwa. Ka riƙa duba gefen raunin duk sati biyu, in ka ga sabon nama yana kumburowa daga baki-baki to tana warkewa. Ka kuma ware gungume ɗaya mai ɓawo ka sa a bokiti, ka rufe bakin da gidan sauro ka ajiye a inuwa. Duk abin da ya fito ka ɗauko mana hotonsa, ina son in ga ko nau'i ɗaya ne a tarin nan ko sun fi haka.

Uwar Biyu:
Malam Mai Lambu, in sun fito da yawa a ajiye mini fiffike ɗaya in nuna wa yara.